Garejin da ya gano min boris ne ke kuka, ba taya ba

Masu mota na Gombe, musamman masu Corolla da ke yawan bin hanyar Bauchi ko ta Kumo zuwa Kaltungo, akwai wani gareji a kan hanyar Dukku da nake so ku san da shi, ƙaramin waje ne ko allon suna babu, amma a aikin ƙafar mota gaskiya mutumin nan ya iya. Tawa Corolla 2006 ce, ta fara wani gurnani daga gaba, wuuu wuuu, in ina cikin gari tsakanin Jekadafari da Pantami ba a ji sosai amma da na hau babban titi na wuce 60 sai ya cika motar har rediyo ba ya rufe shi. Wani mai faci ya ce min taya ce ta ci gefe, wani bakanike kuma ko tada motar bai yi ba ya ce shaf ne, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa taya, a canza duka biyu.

Shi wannan Ogan abin da ya fara yi shi ne ya karɓi makulli ya ce Malam shigo mu zaga. Muka fita inda titi ya miƙe, ya take ta ta ɗau gudu sai ya cire giya ya sa firi, injin ya yi ƙasa amma gurnanin na nan yadda yake, ya ce to ka ji, ba injin ba ne ba giya ba, abin da ke bin juyin taya ne. Sai ya riƙa karkata sitiyari a hankali, in ya yi hagu ƙarar ta ƙaru in ya yi dama ta lafa. Bayaninsa shi ne in ka karya hagu nauyin mota kan taya ta dama yake komawa, don haka boris ɗin tayar dama ake zargi, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki da taya ke juyawa a kansa. Shaf kuwa in ya lalace ƙas ƙas ƙas yake yi lokacin da ka karya kwana sosai, ba gurnani ba, kuma robarsa lafiya lau take ba ta yage ba.

Da muka dawo bai tsaya a nan ba. Suka ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, wasan kaɗan ne har ni ban gani ba. Sai ya sa yaronsa ya juya tayar da ƙarfi, ya kama hannuna ya ɗora a kan sifirin ɗin shokazoba. Wallahi a tafin hannuna na ji shi, gir gir gir kamar an zuba tsakuwa a ciki. Muka koma ta hagu aka yi haka, santsi kawai, babu komai. Wannan abin ya burge ni ƙwarai, don bai ce in yarda da maganarsa ba, ya sa na ji da kaina, kuma bai ce sai an canza biyun ba.

Boris ɗin gaba na wannan Corolla a rufe yake zuwa da giris ɗinsa, ba irin na tsofaffin motoci ba ne da ake wankewa da fetur a cusa sabon giris a ɗaure. In ruwa da ƙasa suka shiga, ko rami ya doke shi, shi kenan sai canji, kuma kowa ya san abin da damina ke yi wa titunanmu, ga lodin buhuna da muke ɗora wa ƙananan motoci. Na baya dai da sauƙi, shi da hob ɗinsa, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, a haɗe suke, noti huɗu ne a kwance a ɗaura wani. Na gaba shi ne mai wahala, dole a ciro ƙarfen da yake zaune a ciki gaba ɗaya a matse tsohon ya fita a matse sabon ya shiga, kuma a nan ne ake kashe wa mutane kuɗi, don da yawa guduma suke sawa su yi ta duka, ƙwallayen ciki su yi wa hanyarsu tabo tun ba a hau titi ba, bayan ɗan lokaci kukan ya dawo a ce maka kayan ne jabu. Shi yana da injin matsi na haidirolik, kuma na tsaya na ga yadda ya ɗora ƙarfen turawa a kan zoben waje kaɗai lokacin shigarwa, ya mayar da zoben da ke kulle shi, sannan da zai matsa hob ya tokare zoben ciki ta ƙasa. Babban notin shaf ma ba tsalle yaro ya yi a kan faif ba, sifana mai awo ya ɗauko ya sa ta a 216 Nm, wato awon ƙarfin ɗauri, awon da Toyota ta tsara wa wannan motar, sannan ya lotsa bakin notin don kada ya warware.

Maganar kaya kuwa ba ya sayarwa, ya dai haɗa ni da yaronsa muka je shago. Ya ce in nemi Koyo ko NSK ko NTN, na Japan kenan, ko SKF in an samu, amma in kula don kwalin kowa na iya bugawa. Da muka kawo sai da ya juya shi a hannu ya duba rubutun da ke jikin ƙarfen tukunna ya yarda. Na hannu kuwa, wato ɗan Beljiyam, ya hana ni saya, ya ce Malam boris ɗin da ba ka san tafiyar da ya yi ba kada ka ɗora iyalinka a kai. Na ga gaskiyarsa, don in ya ci sosai zafi yake yi, yana iya kamewa ko tayar ta fara lilo kana kan gudu.

Inda suka gaza ma zan faɗa. Wajen zama benci ɗaya ne a ƙarƙashin darbejiya, in rana ta juya sai dai ka koma cikin wata mota, kuma Oga ba ya sauri ko kaɗan, in akwai mota a gabanka ka shirya wuni. Yaran sun bar min baƙin mai a sitiyari da kujera, wannan bai min daɗi ba kuma na faɗa masa, ya ba da haƙuri ya sa aka goge. Ba su da injin alaimen, sai da na je wani waje aka saita min tunda an kwance notunan shokazoba. Kuɗin aikinsa ya ɗara na sauran garejin, bai kuma rage min ko sisi ba duk roƙon da na yi.

Tun daga lokacin na je Bauchi na dawo, na je Dadin Kowa, gaban motar shiru. In za ku je ku je da sassafe, kuma kada ku sayi boris ɗin kafin ya gwada motar.