Na'urar auna laka da sauti: wacce ta dace da ruwayen Jos?

Duk mai aikin ruwa a Jos ya san yadda kogin Dilimi ke komawa jawur bayan mamakon Agusta. Ƙasar da haƙar kuza ta tone tun zamanin Turawa, da wadda ake tonewa har yau, ruwa ke kwasa ya kai rafuka da madatsu irin su Lamingo da Shen. Mai son sanin yawan lakar da ke tafiya a ruwa da girman ƙwayoyinta, sau da yawa na'urar sauti ake nuna masa. Tana sakin sauti, wanda ke gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, sai ta auna ƙarfin amsa-kuwwar da ƙwayoyin suka mayar.

Abin da nake son mai saye ya riƙe shi ne, na'ura mai murya ɗaya, wato mai sakin sauti mai kaifi iri ɗaya tak, ba ta raba yawan laka da girman ƙwayoyinta. Yashi kaɗan mai manyan ƙwayoyi na iya mayar da amo daidai da na laka mai tarin yawa. Sai da muryoyi biyu ko uku ake warware wannan.

Idan ofishinku na da ADCP, wato na'urar auna gudun ruwa, ku fara da ita kafin ku kashe ko sisi. Da kilohaz da megahaz ake auna kaifin murya: a cikin irin waɗannan na'urori, RiverRay ta kamfanin Teledyne kilohaz 600 ce, StreamPro megahaz 2, M9 ta kamfanin SonTek kuwa tana da megahaz 1 da 3. Amma don gudu aka ƙera su, laka gyara ce aka samu a kai. Ba sa gani dab da fuskarsu da dab da ƙasan rafi, kuma a rafukanmu marasa zurfi wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

Wanda girman ƙwaya ya dama, AQUAscat ta kamfanin Aquatec na Ingila ce tasa: muryoyi har huɗu a lokaci guda, tana ba da yawa da matsakaicin girma a kowane mataki na zurfi. Zangonta gajere ne, kuma tana buƙatar wanda ya iya lissafinta. Idan ba ku da shi, kada ku saya.

LISST-ABS ta Sequoia, daga Amurka, ta fi sauƙin sarrafawa. Megahaz 8 ce, wuri ɗaya take aunawa, kuma ta fi aminci a ƙwayoyin da ke tsakanin maikiron 30 da 400 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ba ta faɗin girma.

A nan ruwan Jos ke da nasa hali. Iyakar yashi maikiron 63 ce. Abin da ya gaza haka laka ce da yumɓu, kuma su ne ke rina ruwa ja. Irin waɗannan sun fi shanye sauti fiye da mayar da shi. Shi ya sa USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a kogin Kolorado, take ƙiyasta laka daga raunin da sautin ya yi a hanya, yashi kuma daga abin da ya dawo. Ku tambayi dillali ko manhajarsa na bari a fitar da ɗanyen bayanin amon, don idan ba shi ba za ku iya wannan lissafi ba. Na'urar haske mai auna duhun ruwa ta fi ganin yumɓu, tana da araha, sai dai gansakuka na rufe mata ido; haɗa ta da ta sauti ya fi kowacce ita kaɗai. Ku kuma nisanci inda ruwa ke dukan duwatsu, domin kumfa na mayar da amo mai ƙarfi, na'ura ta lissafa shi a yashi.

Kowacce kuka zaɓa, ku ware kuɗin ɗibar samfuri tun a takardar saye: kwalabe, takardar tacewa, tandar busarwa mai kai digiri 105 na ma'aunin Salsiyas, da sikeli mai kyau. A ɗiba lokacin da rafi ya cika da lokacin da ya janye, damina da rani, a daidaita na'urar da sakamakon. Daidaitawar da aka yi a Lamingo ba za ta yi aiki a Dilimi ba.