Takarda ko Fili: Wanne Ya Fi Gane Juriyar Kurtu?

Ɗan ƙanwata na shirin tafiya Zariya, inda ake horar da kuratan soja. Muna zaune gindin darbejiya a ƙauyenmu, gefen Ringim, sai gardama ta ɓarke: yaya ake gane yaron da zuciyarsa za ta ɗauki wuya?

Akwai hanyar takarda. Wasu masu bincike biyu, Connor da Davidson, sun fitar da wani ma'aunin juriya a Amurka a 2003: tambayoyi 25, kowace ka ba kanka maki daga 0 zuwa 4, jimla 100. Ba tsada, kuma cikin 'yan mintoci ɗaruruwa sun cike. To amma yaron da uwarsa ta sayar da akuya don kuɗin motarsa, wa zai sa ya rubuta cewa shi mai saurin karaya ne? Ga shi da Turanci aka fara tsara ta.

Sai fili: rashin barci, tattaki da kaya a baya, tsawar kofur tun asuba. Nan baki ba ya ceton mutum. Baffa, da yake Bafulatani ne, ya ce ai sharo ke nan. Na ce, "Baffa, Allah ya ja kwana, mai sharo murmushi yake yi, amma wa ke ganin bayansa cikin dare?" Fili na kama mai faɗuwa a gaban jama'a, mai haɗiye damuwa kan wuce salin-alin.

Ni dai na fi karkata ga fili, muddin mai lura ya san aikinsa. Yaron kuwa bai tanka ba, yana ta ɗaure igiyar takalminsa.