How I Met Your Mother: fitowar ƙarshe ta ɓata mini rai

Na gama kallon How I Met Your Mother da wani mai tura fim a Samaru ya zuba mini a waya, kuma har yanzu ban huce ba. Wasan barkwanci ne na Amurka, zango tara, daga 2005 zuwa 2014, inda Ted ke ba 'ya'yansa biyu labarin yadda ya haɗu da mahaifiyarsu.

Zango na tara kusan duk a kan bikin Barney, abokin Ted, da Robin, tsohuwar budurwar Ted, ya ƙare. Hidimar kwana uku aka ja ta fitowa 22, har muka yarda cewa Barney, wanda ba shi da aiki sai yaudarar 'yan mata, ya shiryu. Sai ga shi a fitowar ƙarshe, cikin 'yan mintuna, an ce mana aure ya mutu bayan shekara uku, wai Robin ta cika tafiye-tafiyen aiki. Ba zaman sulhu, ba wanda ya sa baki. Ita kuma Tracy, uwar yaran da muka daɗe muna jira, tana shiga ranmu sai ciwo, sai mutuwa, don kawai Ted ya samu hanyar komawa wurin Robin. Haba! Tun 2006 aka ɗauki wurin da yaran ke ce wa babansu ya je ya neme ta, shi ya sa marubutan suka nace sai labarin ya koma can, ko da mutanen cikinsa sun canza.

Ba zan ce a guje shi ba, saboda Marshall da Lily, abokan Ted. Sun rabu a ƙarshen zango na ɗaya, suka shirya, suka yi aure a na biyu. Daga nan aka nuna rigimarsu kan bashin da Lily ta ɓoye, da neman haihuwa, da yadda ta tsaya masa da mahaifinsa ya rasu. Duk an yi dariya, an yi kuka, auren bai kashe labarin ba. To masu iya rubuta wannan, me ya hana su barin Ted da matarsa su zauna ko da zango ɗaya? Abin da ya fi ci mini rai ke nan, wallahi.

Idan za ku karɓa, ku tsaya a fitowa ta 22 ta zangon ƙarshe. Kuma kada ku kunna gaban yara, hirar mashaya da maganar banza sun yi yawa a ciki.