Yawon Haikalan Tailan a Yini Ɗaya: Bankok, Ayutthaya ko Chiang Rai, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk tallan yawon yini ɗaya da za ka gani a shafukan intanet irin su Klook, GetYourGuide, Viator ko a teburin otal a Tailan, da yawan wurare yake jan mai saye: haikali biyar, kasuwa, abincin rana, duk a kuɗi ɗaya. Lissafin da ya kamata ka yi daban ne. Awa nawa za ka shafe a cikin mota, awa nawa ƙafarka za ta yi a ƙasa? Yawon da ya jera wurare bakwai cikin awa tara, a rabinsu minti ashirin za a ba ka, ka ɗauki hoto a guje a kira ka mota. Da wannan ma'aunin za mu auna abin da ake sayarwa.

Cikin Bankok: fada da haikali biyu

Wannan shi ne wanda motarsa ta fi ƙaranci. Babbar fadar sarki, wadda Sarki Rama na Ɗaya ya fara ginawa a 1782, da Wat Pho, da Wat Arun, duk suna bakin kogin Chao Phraya, kusa da juna. Daga fada zuwa Wat Pho tafiyar minti goma ce a ƙafa. Daga mashigar Tha Tien kuma jirgin fito zai tsallakar da kai zuwa Wat Arun cikin 'yan mintuna a kan 'yan canji.

A cikin harabar fadar ne haikalin Wat Phra Kaew yake, inda aka ajiye koren mutum-mutumin Buda wanda tsayinsa bai wuce santimita 66 ba, amma babu wanda mutanen ƙasar suke girmamawa kamarsa. Sau uku a shekara ake sauya masa tufafin zinare, gwargwadon yanayi. Ba a ɗaukar hoto a zauren da yake. A Wat Pho akwai mutum-mutumin da ke kishingiɗe, tsawonsa mita 46, tsayinsa mita 15, a gefensa an jera tasoshin tagulla 108 da mabiya ke jefa kwabbai a ciki. Wat Arun kuwa hasumiya ce da aka lulluɓe da gutsattsarin tangaran na Sin, sai ka matso kusa za ka ga furannin da ke jikinta fasassun faranti ne aka jera ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗin shiga ga baƙo, da kuɗin ƙasar, wato baht: 500 a fada, 300 a Wat Pho, 200 a Wat Arun. Baht 1,000 ke nan cif. Ka riƙe wannan adadin, domin shi ne yake bambanta tallan da ya yi araha da wanda ya yi tsada. Da yawan masu arahar ba su sa kuɗin ƙofa a ciki ba, sai an isa ka ji an ce ka ciro. Ana buɗe fada ƙarfe 8:30 na safe, a daina sayar da tikiti 3:30 na yamma. Yawon da ya fara da fada da sassafe ya fi wanda ya bar ta zuwa hantsi, don kafin 10 manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun sauke jama'a, dutsen tsakar gidan kuma ya ɗau zafi.

A nan mutum ba ya buƙatar mota, tun da jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa a tashar Sanam Chai kusa da Wat Pho. Abin da ya cancanci biya shi ne jagora, saboda zanen da ya zagaye bangon Wat Phra Kaew labari ne mai tsawo, wanda ba a bayyana masa ba ado kawai zai gani. In za ka tafi kai kaɗai, ka san da tsohuwar damfarar unguwar: wani mai tsabtar shiga zai tare ka a hanya ya ce yau fada a rufe take, akwai biki, ya haɗa ka da mai tuk-tuk, wato adaidaita-sahun can, a kan kuɗi kaɗan. Ƙarshenta shagon duwatsu masu daraja ne ko shagon tela, inda direban ke karɓar la'ada. Kada ka saurari kowa sai ka ga ƙofar da idonka.

Ayutthaya: inda ya fi cancantar yini guda

Ga wanda yini ɗaya tak yake da shi a wajen Bankok, wannan ne zaɓin da ya fi. Nisansa kusan kilomita 80 ne ta arewa, awa ɗaya da rabi a mota idan an fita kafin cunkoso. Zuwa da dawowa awa uku, saura awa biyar ko shida na gani.

An kafa birnin a 1350, ya zama babban birnin masarautar Siyam (tsohon sunan Tailan) sama da shekara ɗari huɗu, har sojojin Bama (Myanmar ta yau) suka ƙone shi a 1767. A 1991 hukumar UNESCO ta sa kufansa cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da za ka tarar kangaye ne na jan bulo, da layin mutum-mutumai marasa kai, wasu yaƙi ya lalata, wasu ɓarayin kayan tarihi suka sare. Wurare uku ne bai kamata su ɓace daga jadawalin da za ka saya ba. Wat Mahathat, inda kan wani mutum-mutumi ya maƙale a cikin saiwoyin bishiya. Masu gadi suna sa mai ɗaukar hoto ya tsuguna, kada kansa ya fi na mutum-mutumin tsawo. Sai Wat Phra Si Sanphet mai hasumiyoyi uku a jere, wanda shi ne haikalin cikin tsohuwar fada. Sai Wat Chaiwatthanaram da Sarki Prasat Thong ya gina a 1630 a gaɓar kogi ta yamma. Wannan na ƙarshe da la'asar sakaliya ya fi kyau, lokacin da rana ta karkata bulon ya yi jawur, amma yawancin motocin haɗaka sun kama hanyar Bankok kafin nan. Kuɗin shiga kowanne bai kai baht 100 ba.

Hanya uku ake zuwa. Motar haɗaka, yawanci hayis mai ɗaukar mutum goma ko sama da haka kaɗan, ko babbar bas. Aibinta a farkon yini yake: in ana bi otal-otal ana kwasar fasinja, awa guda na iya tafiya kafin a bar gari, don haka yawon da ke da wurin haɗuwa ɗaya a bakin tashar jirgi ya fi kiyaye lokaci. Ta biyu shatar mota da jagora. Ga mutum ɗaya tsada ce, amma iyali mai mutum huɗu ko biyar in suka raba, kuɗin kowane kai yakan matso kusa da na haɗaka, su ne kuma za su ce a tsaya nan, a wuce can. Ta uku jirgin ƙasa, wanda tikitin aji na uku bai fi 'yan baht goma-goma ba. In ka sauka, sai ka ɗauki tuk-tuk na awa-awa, ku yi ciniki a kan adadin awa da sunayen wuraren tun kafin ka hau, ko ka yi hayar keke. Jirgin yakan makara, keke kuma a watan Afrilu wahala ce tsagwaronta, don inuwa ta yi ƙaranci a kufan.

Abubuwa uku ake liƙa wa yawon Ayutthaya don talla ya cika. Fadar Bang Pa-In tana kan hanya, tana da kyau, amma za ta ci fiye da awa guda daga lokacin kufan. Dawowa ta jirgin ruwa da abincin rana a ciki hutu ne mai daɗi ga dattawa, sai dai ka sani mafi yawan hanyar a bas za a yi ta, jirgin a kusa da Bankok ake hawansa, kuma a Ayutthaya safiya kawai za ka samu. Na ukun shi ne wanda ya kamata a guje wa: haɗa Ayutthaya da kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak. Kasuwar tana kudu maso yammacin Bankok, kusan kilomita 100, Ayutthaya tana arewa. Wanda ya sayi wannan ya sayi zaman mota.

Garin yana da tsohuwar al'ummar Musulmi tun zamanin masarautar. Sheikh Ahmad, ɗan kasuwar Farisa da ya zama shugaban Musulmin Siyam a ƙarni na 17, kabarinsa yana cikin garin, akwai masallatai, kuma alewar da aka san Ayutthaya da ita, roti sai mai, zaren sukari da ake naɗewa a siririyar waina, sana'ar Musulmin garin ce. Samun abincin halal a nan ba wuya, matuƙar motar taka ce.

Arewa: Chiang Rai ko Doi Suthep

Hoton farin haikalin nan, Wat Rong Khun, shi ya fi sayar da yawo a Chiang Mai, babban birnin arewacin ƙasar. Abin da tallan ba ya ɗaga murya a kai shi ne haikalin yana Chiang Rai, kusan kilomita 180 daga Chiang Mai, awa uku ko fiye a hanyar da ke hawa da sauka cikin tsaunuka. Awa shida zuwa bakwai a mota ke nan. In aka ƙara da mahaɗar iyakokin Tailan da Lawos da Myanmar, yinin yakan kai awa goma sha uku, a fita da asuba a dawo bayan isha. Mai jin jiri a mota ya sha magani kafin a tashi, ya nemi kujerar gaba.

Kuma waɗannan ba tsofaffin gine-gine ba ne. Mai zane Chalermchai Kositpipat ne ya fara farin haikalin a 1997, shuɗin haikalin Wat Rong Suea Ten a 2016 aka kammala babban zaurensa, Baan Dam kuma, baƙin gida, gidan adana ayyukan mai zane Thawan Duchanee ne, cike da ƙahoni da fatun dabbobi. Sun cancanci gani ga mai son zane da gini, amma da kwana ɗaya a Chiang Rai. Mai yini ɗaya a Chiang Mai gara ya hau Doi Suthep: kilomita 15 daga gari, haikali na ƙarni na 14 a kan dutse, matakala ɗari uku da 'yan kai, da ƙaramin jirgin igiya ga wanda gwiwa ta hana. Rabin yini ya isa, sauran a zaga haikalan cikin ganuwa irin su Wat Chedi Luang. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙone gonaki da daji yana rufe arewacin ƙasar, garin ma ba a hango shi daga saman dutsen. Mai asma ya kauce wa watannin.

Kafin ka tura kuɗi

Ka tambaya a rubuce: da jagora ne ko direba kawai? Aikin jagora a Tailan doka ta keɓe shi ga 'yan ƙasa masu lasisi, suna rataya katinsu a wuya, kamfanin yawon ma yana da lambar rajista. Talla mai cewa direba mai jin Turanci yana nufin za a sauke ka a ƙofa ka shiga kai kaɗai. Ka tambayi iyakar yawan fasinja, da ko akwai tsayawa a shago, da ko hawan giwa yana cikin jadawalin (wannan a bar shi, dabbobin suna wahala a zafin ranar nan). Ka duba sharaɗin fasawa; da yawa suna mayar da kuɗi in an fasa awa 24 kafin tafiya. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin na'urar cirar kuɗi tana caje katin waje sama da baht 200 a kowane cira. In rigima ta taso, lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido 1155 ce.

Abincin rana na haɗaka galibi a gidan abinci ɗaya ake yi wa kowa, naman alade kuma ruwan dare ne a girkin ƙasar, har a romo da man suya. Cewa a cire nama ba ya wadatarwa. Ko dai ka zaɓi yawon da babu abinci a kuɗinsa ka tafi da guzurinka, ko ka nemi mai shata ya kai ka inda ke da tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar. Salla ma ba ta cikin jadawalin motar haɗaka. Ka ɗauki ƙaramar sallaya, ka gaya wa jagora tun da safe kana buƙatar minti goma bayan cin abinci, ka tuna alƙibla a can tana yamma, ta ɗan karkata arewa. A Bankok masallacin Chakraphong bai yi nisa da fada ba, na Tonson kuma yana tsallaken kogi a ɓangaren Wat Arun, don haka ranar Juma'a yawon cikin gari na safe ya fi dacewa.

Waɗannan wurare ɗakunan ibadar mutane ne har yau. Wasu jagororin kan miƙa wa baƙi turare da furen bado, ko su kai su wurin malamin Buda ya ɗaura musu zare a hannu. Ba dole ba ne, babu mai jin haushi in ka ce ka gode ka koma gefe. Abin da ake bukata gare ka shi ne ladabi: a tuɓe takalmi a ƙofar zaure, maza su cire hula, kada a miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumi, kada a hau kango, mace kada ta taɓa malamin Buda ko ta miƙa masa abu hannu da hannu. Maganar gidan sarauta kuwa a kama baki, dokar ƙasar tana ɗaure mai cin mutuncin sarki har shekara 15.

Tufafi su rufe kafaɗa da gwiwa. A fada da Bang Pa-In an fi tsanantawa, dogon wando ko zane har ƙasa, ba matsattse ba, ba yagagge ba. Kaftani ko abaya da hijabi sun wadatar, a zaɓi yadi mara nauyi. Takalmi ya zama mai saurin cirewa, da safa a ƙafa, don daɓen da rana ta gasa yana ƙona tafin ƙafa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yanayi ya fi sauƙi, jama'a kuma sun fi yawa, sai a yi rajista da wuri. A Satumba da Oktoba kogi kan cika a Ayutthaya, Wat Chaiwatthanaram da ke bakin ruwa shi ambaliya ta fi barazana, don haka a wannan lokacin ka sa kamfanin ya tabbatar maka a buɗe yake kwana ɗaya kafin tafiya.