Robar TheraBand: abin da take yi wa ƙafa da abin da ya fi ƙarfinta

TheraBand shimfiɗaɗɗiyar robar motsa jiki ce mai faɗin da ya ɗara tafin hannu, irin wadda ake ba masu jinya a sashen gashin ƙashi na asibiti. A naɗe take zuwa, ƙaramin naɗi mita 5.5, babba mita 45.5, ana yanka wa mutum gwargwadon buƙata. Mita ɗaya da rabi ya wadatar wa aikin ƙafa.

Babban abin yabonta shi ne launi. Kowane launi da taurinsa: rawaya, ja, kore, shuɗi, baƙi, ruwan azurfa, sai ruwan zinare. Idan aka ja ta har tsawonta ya ninka, rawaya tana ba da kusan kilo 1.3, kore 2.1, baƙa 3.3, mai ruwan zinare 6.5. Saboda haka mutum ya san inda yake da inda zai hau. Robobin kasuwa marasa suna ba su da wannan tsari, jar wani kamfani tana iya fin baƙar wani tauri.

Inda ta fi amfani shi ne naman gefen ƙugu, wanda ke hana gwiwa karkata ciki yayin hawa bene ko tashi daga sujada. A ƙulla ta zobe sama da gwiwoyi, a ɗan rusuna, a yi taku 10 zuwa dama, 10 zuwa hagu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin yatsun ƙafa su juya waje ko jiki ya riƙa rangaji, sai aikin ya bar ƙugu ya koma gadon baya. Don naman gaban cinya kuwa, a zauna kan kujera, a ɗaure gefe ɗaya a ƙafar kujerar ta baya, ɗayan a idon sawu, a miƙe gwiwa cikin daƙiƙa 2, a dawo cikin 3. Dawowar ce ake yi wa sakaci, alhali rabin ribar tana can. Wanda ya saki robar ta fizgo ƙafarsa ya yi asarar wannan rabin.

A yi kowane motsi sau 8 zuwa 12, zagaye 2 ko 3, a bar kwana ɗaya tsakani. Ranar da sau 15 ya zo da sauƙi, a hau launi na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, kuma ga dattijo ko wanda ya daɗe a kwance, wannan robar ta isa farawa.

Amma ga matashi mai lafiya ta yi kaɗan, kuma ya kamata masu sayarwa su riƙa faɗin haka. Ƙafar da ke ɗaukar mutum mai kilo 70 kullum ba za ta ji kilo 6.5 ba. Ga kuma wata matsala a tsugunno: idan aka taka robar aka riƙe bakinta biyu, tana saki ne a ƙasa, daidai inda cinya ta fi shan aiki, ta yi tauri a sama inda aiki ya riga ya ƙare. Ana iya ninka ta biyu ko a koma tsugunno da ƙafa ɗaya, amma jarkar ruwa mai lita 20 a rungume a ƙirji ta fi ta gina cinya.

Ƙarkonta ya dogara da ajiya. Zafin rana yana cin roba, man shafawa da basilin ma haka, don haka kada a bar ta cikin mota ko bakin taga. Kafin kowane aiki a ɗaga ta wajen haske a duba gefe-gefe; ƙaramar tsaga ita ce ke zama tsinkewa, kuma idan ta tsinke tana iya nufar fuska. Kada a ja ta fiye da ninki uku na tsawonta. Wanda fatarsa ke ƙaiƙayi in ya sa safar hannu ta roba ya nemi samfurin da ba a yi da ruwan itacen roba ba, akwai shi.

Mai farawa ya sayi ja da kore, mai ɗan ƙarfi ya ɗauki shuɗi da baƙi. Wanda gwiwarsa ke kumbura ko take maƙalewa ya fara ganin likita kafin ya sa kuɗinsa.