Allurar ƙari ta korona: na yi, kuma ta kama ni

Shekaruna 58, ga ciwon suga, don haka ban yi musu ba da likita ya ce in koma a ƙara mini allura. Biyun farko na AstraZeneca ne, a 2021, lokacin da nau'in korona mai suna Delta ke cin karenta babu babbaka. A Nuwamban shekarar masana a Afirka ta Kudu suka ba da labarin wata sabuwar korona mai suna Omicron, wadda ta zo da sauye-sauye sama da 30 a ƙahon da take maƙale wa ƙwayoyin jiki da shi. To, wannan ƙahon ne allurar ta koya wa jiki ganewa.

Ta ƙarin Pfizer ce. Tsarin wurin bai burge ni ba ko kaɗan. Kwalba ɗaya ta mutum shida ce, ba sa fasawa sai an cika, mu kuwa huɗu ne. Kusan awa biyu muna zaune, kowa ya zuba wa ƙofa ido. Ma'aikaciyar jinyar ce ta wanke mini takaici. Na tambaye ta ko shi ke nan na tsira, ta ce, "Baba, ba zan rufe ka ba, kana iya kamuwa. Gadon asibiti muke so ka tsallake." Dantsena ya yi tsami kwana biyu, sai zazzaɓin dare ɗaya.

Bayan wata biyar maganarta ta tabbata. Abin gwaji ya nuna layi biyu, maƙogwaro kamar na haɗiyi reza, kwana huɗu ina kwance. Na ji haushi, ba ƙarya. Amma numfashina bai taɓa sarƙewa ba, kuma ga mai suga irina wannan ne abin tsoron. Haka aikin allurar yake: kariya daga kamuwa tana raguwa cikin 'yan watanni, ta hana cutar yin tsanani kuwa ta fi daɗewa, domin ƙwayoyin garkuwa da ake kira T ba su cika ruɗewa da sabon nau'i ba.

Inda nake da ƙorafi, kullum cutar ce a gaba. An sabunta allurar don nau'in korona na XBB.1.5 a 2023, aka sake don nau'in JN.1 a 2024. Zan koma dai, amma sai na fara bugo waya na ji wacce suke da ita, da kuma ko mun cika shida.