Man turare mai zaƙi: wanda zai zauna a fatarki da wanda zai juya

Ƙamshin da ake ji a bakin kwalba ba shi ne fata ke fitarwa bayan awa biyu ba. A turaruka masu zaƙi, irin na banila da zuma da alawa, bambancin ya fi fitowa fili: mace ɗaya ta shafa ya yi laushi, ƙanwarta ta shafa daga kwalbar nan ya koma tsami ko ƙauri. Fata tana da ɗan tsami nata, wanda a ma'aunin tsami na pH yake tsakanin 4.5 da 5.5, ga maiƙo, ga gumi, ga ƙwayoyin bakteriya masu cin gumin suna fitar da wari, musamman a hammata. Turare ba ya kashe wannan warin, haɗuwa yake yi da shi. Zaƙi kuwa ya fi komai rashin jituwa da tsami.

Sai dai zaƙin ba iri ɗaya ba ne.

Na alawa, mai kama da sukarin da aka narkar, yawanci daga sinadarin etil maltol yake fitowa. Turaren Angel na kamfanin Thierry Mugler da ya fito a 1992 shi ya yayata shi, yanzu kuma ya cika mayuka masu araha. Kaɗan daga cikinsa yana cika ɗaki. A fata mai zafi da maiƙo, tsakiyar bazara, yana tashi gaba ɗaya lokaci guda, sai a ji kamar sukari ya kama a gindin tukunya. Idan kina yawan gumi, wannan ne na ƙarshe da za ki duba.

Na banila ya fi haƙuri. Ƙamshinsa mai nauyi ne, yana daɗewa, kuma idan akwai sandal ko ambar ko icen ud a ƙarƙashinsa da wuya ya ɓaci. Inda yake kasawa shi ne in an sayar da shi tsura, babu abin da ya riƙe shi. A wasu fatu sai ya bar warin roba. Kada launinsa ya tsorata ki. Man banila yana yin duhu a hankali, wannan ɗabi'arsa ce, ba lalacewa ba.

Na zuma shi ne mai haɗari, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke ba da ƙamshin zuma, in ya yi yawa, hanci yana jinsa da zarni. A takarda ba a lura. A fata mai ɗumi, bayan sauran ƙamshin ya tafi, shi ke saura. Haka furanni masu nauyi irin yasmin suke: a cikinsu akwai indol, wanda kaɗansa ke ƙara armashi, da yawansa kuma wari ne. Na madara da kwakwa ba su da wannan matsalar, tasu ita ce in sun haɗu da gumi mai tsami sukan yi warin nonon da ya kwana.

Farin miski mai kauri ya fi duka zama lafiya da jiki. Aibinsa ɗaya: wasu mutane hancinsu ba ya kama wasu nau'o'in miski, sai su yi ta ƙarawa har ya dami na kusa da su.

Sau da yawa ma laifin ba na fata ba ne. Ki tambayi mai shago da me aka sirka man. DPG, wani ruwan sinadari da ake sirka turare da shi, da man jojoba da tataccen man kwakwa ba su da wari, kuma ba sa saurin lalacewa. Man girki mai araha kuwa yana tsufa ya yi ɗoyi cikin watanni, balle a kwalbar da ke jere a rana a bakin kasuwa. Gwajin mai sauƙi ne: ɗigo ɗaya a farin ƙyalle, ɗigo ɗaya a cikin hannu. In duka biyun sun ɓaci, man ne. In hannun kaɗai ya ɓaci, sai ki dubi abin da ke fatar tun kafin turaren: man kaɗanya ɗanye da man alayyadi suna da warinsu, man shafawa mai ƙamshi kuma turare ne na biyu. Abinci ma yana da hannu. Tafarnuwa tana fita ta gumi har washegari. Hulba, da mata da yawa ke sha, tana sa gumi ya yi wani zaƙi mai nauyi nasa na kansa, to in aka ɗora banila ko alawa a kai abin ya yi yawa.

Kada ki fara da tola, wato kwalbar mililita 12. Ki sayi kwata, mililita 3, ko ki roƙi a ɗiga miki. Fata ta zama wankakkiya, babu mai, kuma kada ki wuce kala uku a lokaci ɗaya, kowanne da wurinsa. Ki shinshina bayan minti 15, bayan awa ɗaya, sannan bayan awa huɗu. Na ƙarshen shi ne hukunci, domin shi mutane za su ji a jikinki har yamma. Ki ba wani ya shinshina, tunda hanci yana sabawa da abin da ke kusa da shi. Wanda ya yi miki daɗi da hunturu ki sake gwada shi a watan Afrilu kafin ki ƙaro babba.

In kin riga kin saya kuma ya juya, ba lallai a zubar ba. Sirka kashi ɗaya da kashi uku na jojoba yana kwantar da na alawa. Shimfiɗa sandal ko ud tukuna, sannan ɗan zaƙin a sama, yana gyara na banila. Dama ita humra a kan sandal da miski take tsayawa. Na zuma da ya yi zarni a fata ki mayar da shi cikin haɓar mayafi mai duhu, domin mai yana ɓata farin yadi. Hammata da ƙasan ƙirji kuwa, kowane iri kika zaɓa, ki bar su: bayan hannu da gefen wuya sun isa.